A Gaya Mata Ta Saki Zare

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma a shekara goma sha takwas da na yi a duniya ban taɓa jin sunana a bakin Abba ba. Ba faɗa muka yi ba. Al'adar garinsu ce: uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Alkunya ke nan. Umma ta ce ita tata alkunyar a jirgin da ya kawo ta Dubai ta manta da ita. Abba kuwa a akwati ya zo da tasa, a naɗe cikin leda, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Sunana a wurinsa "yarinyar nan". Ranar da ransa ya yi fari sosai, irin ranar sallah, sai a ƙara mini girma na zama "waccan".

Gidanmu na Al Khabaisi ɗaki biyu ne, in mutum ya yi atishawa a kicin na cikin banɗaki ne zai fara jin iskar. Amma a nan Abba zai kira ƙanena ya ce, "Je ka gaya wa yarinyar nan ta rage ƙarar talabijin." Ni kuwa ga ni zaune a ƙasa, bayana na jingine da kujerarsa.

Abba injiniyan lantarki ne, ya zo ƙasar nan tun kafin ya yi aure. A garinsu ruwa mafi girma shi ne kududdufin bayan makaranta, amma da ya ga teku sai ta kama shi, ba ta sake shi ba. Ba don abinci yake kamun kifi ba, Umma ta fi yarda da na kasuwa. Don nishaɗi yake yi, da kuma don ya samu abin ba wa baƙi labari. A cewarsa, a zamaninsu in ka bar unguwar Al Ras ka bi gaɓa, babu otal, babu shinge, babu mai gadi, daga kai sai rairayi sai jiragen katako. Kifi har layi yake yi yana jiran ƙugiya. Akwai wani babban kifi, hamur, da ya taɓa kamawa a kan wani baƙin dutse, wai bakinsa kamar ƙofar firji. Kowace shekara hamur ɗin nan ƙara ƙiba yake yi. Lokacin da na kai shekara goma ya daina shiga lif, sai dai a bi da shi ta matakala.

Baƙi suna dariya, ƙanena yana hamma. Ni kaɗai ce nake sauraro da gaske.

Abokin tafiyarsa shi ne mutumin da muke kira Kawu. Ba ɗan'uwanmu ba ne, Kirista ne daga kudancin Kaduna, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, gajere mai tumbi da dariya kamar janareta. Duk ranar hutu bayan sallar Asuba zai yi hon a ƙasa, Abba ya sauka da sandunan fatsa biyu da kula da filas ɗin shayi. Ina shekara bakwai na gaji da kallonsu ta taga. Wata safiya na riga Abba sauka, na shige bayan motar Kawu na lulluɓa da tabarma, kaina a kan ledar jatan landen da suke sa wa a ƙugiya. Da aka isa bakin teku aka ɗaga tabarma, warin da nake yi sai da kuliyoyin unguwa uku suka zo gaisuwa.

Abba ya kalli sama ya ce, "Wa ya kawo wannan?"

Kawu ya riƙe tumbi ya ce, "Sarkin Ruwa, yau mun yi sa'a. Kifin farko da kansa ya shigo mota."

Daga ranar na zama ta uku. Zamanmu a kan baƙin dutsen nan tsari gare shi: Abba a dama, ni a hagu, Kawu a tsakiya. Tsakanina da Abba bai fi taku biyu ba, amma duk magana sai ta biya ta kan Kawu, kamar kaya a kwastan.

"Oga, gaya wa yarinyar nan ƙullinta ba zai riƙe ko fara ba."

Kawu ya juyo. "Hajiya ƙarama, babanki ya ce duk Dubai babu mai ƙulli irin naki."

"Ban ce ba."

"Ya ce bai ce ba, amma a zuciyarsa ya ce."

"Kawu, gaya masa nasa zaren ya sarƙe da dutse tun ɗazu, kunya ce ta hana shi ja."

"Wannan kuma ba zan kai ba, ina son haƙorana."

Da haka na koyi komai. Na koyi ƙulla ƙugiya, da auna dalma, da bambanta cizon ƙaramin kifi da taɓin igiyar ruwa. Na koyi wanke makina, wato abin naɗe zaren, da ruwan daɗi in an dawo, don gishiri ba ya barin ƙarfe. Darasin da aka fi maimaita mini kuwa shi ne na babban kifi. In ya ja, kada ki ja. Ki sassauta makina, ki sakar masa zare ya yi gudunsa ya gaji, sannan ki fara naɗewa shuwayya-shuwayya, wato a hankali. Sau dubu Kawu ya isar mini da wannan saƙo, ko da yake a shekara biyar ba mu taɓa haɗuwa da kifin da ya cancanci a sakar masa zare ba. Abba ya ce duk sun gudu daga ƙarar injinan gini.

Ina shekara tara na kama wani kifi da ake kira sheri, mai tsawon hannuna. Na yi ihu har wani mai kwale-kwale ya waiwayo. Kawu ya yi rawa a kan dutse. Abba ya zuba wa wani jirgi ido can nesa, kamar shi aka ba wa aikin ƙirga tagoginsa, sannan ya ce, "A gaya mata ta wanke hannu." Daga baya na ga hoton kifin a wayarsa. Kifin ya fito tsaf, har ƙayoyin bayansa. Ni kuwa hannuna ne kawai ya shiga, daga wuyan hannu zuwa yatsu.

Ina shekara goma sha biyu kamfanin su Kawu ya sallame su, ya koma gida. Sandunan fatsa suka hau kan wadirof. Abba ya gwada tafiya da mu sau ɗaya, ƙanena a tsakiya, amma yaron nan ko hoton teku ya gani cikinsa juyawa yake. Ya yi amai a kula, a kan jatan lande, aka dawo. Shi ke nan. Babu wanda ya ce an daina, kawai dai babu mai zama a tsakiya.

Bara Abba ya yi ritaya. A ƙasar nan in aiki ya ƙare biza ma ta ƙare, ko da ka fi rabin gine-ginen garin daɗewa. Aka tsayar da magana: shi da Umma da ƙanena za su koma Najeriya, ni zan zauna wurin ƙanwar Umma in shiga jami'a. Gida ya cika da kwalayen kayan da za a aika Najeriya. Saura kwana tara su tashi na hau kujera na sauko da sandunan, na goge ƙura, na sa wa makina mai, na jingine su a bakin ƙofa. Sannan na ɗaga murya na ce, "Umma, a gaya wa mutumin nan gobe Asabar."

Silifas ɗin Umma ya wuce ta saitin kunnena. Amma da Asuba na ji ƙarar filas.

Abin da Abba bai sani ba shi ne na riga na sayi ƙanena da abin jin waƙata na kunne. Da aka tashe shi ya riƙe ciki yana birgima kamar an ba shi guba. Dabarata ke nan: in babu ɗan aike, dole ya yi mini magana da bakinsa. Sau ɗaya kawai nake so, kafin teku da hamada su shiga tsakaninmu. Na ɗauka wayo na yi.

Ya tsaya a ƙofa da makulli a hannu, ya daɗe. Sannan ya ce wa bango, "Yalla, a tafi."

A mota rediyo ce ta yi mana hira. Da muka isa inda baƙin dutsen yake, babu shi. Shinge ne dogo, bayansa otal, a ƙofa wani mai gadi da bai kai hamur ɗin Abba shekaru ba. Abba ya sauke gilashi ya fara yi masa bayani da Larabci, cewa shekara talatin yana zuwa nan, akwai dutse kaza, ga takardar izininsa ta kamun kifi. Yaron ya yi murmushi ya ce, "Mamnu, habibi," wato an hana, ya nuna mana inda za mu juya. Wuri na biyu kuwa tekun ce da kanta ta tashi. An cike ta da yashi an dasa benaye, inda Abba ya ce nan suke jefa ƙugiya yanzu wurin ajiye motoci ne. Ya kashe mota ya zauna yana kallon layin fenti a kwalta. Ban yi dariya ba, kuma ni ba kasafai dariya ke wuce ni ba.

Sai da rana ta ɗaga muka samu wani dogon jerin duwatsu da aka yarda a yi fatsa. Muka zauna, shi a dama, ni a hagu, muka bar wurin mutum ɗaya a tsakiya. Kula muka ajiye a wurin.

Awa biyu babu ko taɓi. Ina shirin cewa kula ta gaya masa mu tafi, sai sandata ta lanƙwashe har kanta ya kusa shan ruwa. Ban taɓa jin ja irin wannan ba, kamar an ɗaura zaren a bayan bas. Na dafe ƙafa da dutse. Can gaba wani abu mai ƙyalli ya juya a ƙarƙashin ruwa, dogo, faɗinsa ya kai ƙofar firji. Wannan karon ba ƙari na yi ba.

Abba ya miƙe tsaye, hularsa ta faɗi. "A gaya mata ta saki zare!"

Na san abin yi. Yatsana na kan makina, juyi ɗaya ya isa. Amma sai na ce, "Wa zai gaya mini, Abba?"

"A gaya mata! Zai tsinke!"

Ya waiga dama, wani ɗan Filifin ne da abin kunne, bai ma san muna yi ba. Ya waiga baya, kyanwa ce.

"Abba, babu kowa. Ni ce. Ga ni nan."

Zaren yana kuka kamar tsarkiyar goge. Ya juyo ya kalle ni, ido cikin ido, abin da ban tuna ranar da ya taɓa yi ba. Bakinsa ya buɗe. Wallahi na ga leɓɓansa sun haɗa harafin farko na sunana.

Tas.

Na faɗi zaune a kan dutse. Guntun zare yana lilo a iska.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya tsaya yana kallon inda ruwan ya rufe. Can ya ce wa teku, a hankali, "Wannan ya kai na da." Shekara da shekaru ana yi masa dariyar hamur, ga shaida ta zo har ƙafarsa saura kwana takwas ya bar ƙasar, ni kuma na riƙe ta ina ciniki. Ya naɗe sandarsa. Har muka isa gida ko rediyo bai kunna ba.

A filin jirgi ya shafa kan 'ya'yan ƙanwar Umma ɗaya bayan ɗaya, ya kira kowa da sunansa. Da ya zo kaina ya gyara ratayar jakarsa ya ce, "A yi karatu." Da na koma gidan ƙanwar Umma na tarar ya bar sanduna biyun a bayan ƙofar ɗakina, da takarda a manne, da rubutunsa na injiniya mai tsabta: Na yarinyar nan.

Har yau haushinsa nake ji, kuma haushin kaina ya fi. Wasu ranaku ina cewa saura ƙiris ya faɗa, da zaren ya ƙara daƙiƙa ɗaya. Wasu ranaku ina ganin "kalas" kawai zai ce, wato shi ke nan, ya isa.

Duk Asabar Umma tana kira. Muna cikin hira sai in ji muryarsa daga can gefe, kusa sosai, kamar gwiwarsa na taɓa tata. Sai Umma ta ce, "Wai a tambaye ki, kina wanke makinar da ruwan daɗi?"

"A gaya masa ina wankewa."

Ina wankewa kuwa, duk da ba ta sake taɓa gishiri ba tun ranar.