Ranar da Na Sare Lallen Baba

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma ranar da na sare lallen gidanmu tana nan daram a raina har in koma ga Allah.

A Wudil aka haife ni. Baba ya dasa lalle gindi uku a bayan ɗakin Inna, inda ruwan alwala yake gangarawa. In ya yi furen nan nasa fari ƙanana, ƙamshi har zaure. Mata suna zuwa tsinkar ganyen ƙunshi, manoma kuma in ruwan damina ya ci musu tsakanin yatsun ƙafa, nan suke samun magani. Duk ƙarshen rani Baba yakan sa adda ya sare shi, ya bar kamar taƙi ɗaya a ƙasa, ruwa na sauka ya sake tofowa.

Ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi, Baba ya ɗauki hanyar Makka a ƙafa. Tun ranar Inna ta daina ƙunshi, ta kuma hana kowa kai wa lallen ƙarfe. Shekara huɗu babu wasiƙa, babu sallahu. Lallen ya wuce danga, ya koma itace da ƙaya, ganye sai 'yan tsiraru can sama. Gindi biyu suka bushe.

Lokacin ina aure a Indabo, na zo gida wankan haihuwar fari. Ni kuwa tun ina yarinya ba na iya ganin abu yana lalacewa in kama bakina. Na ce, "Inna, ɗayan nan ma zai bi 'yan uwansa in ba a sare shi ba."

Ba ta dube ni ba. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa. Ta ce, "Wanda ya dasa shi ne zai sare. Ki ji da jaririnki."

Ranar da ta tafi Utai dubiya, na zaro addar Baba daga ƙarƙashin rumbu. Na sare lallen yadda na sha gani yana yi. Da ta dawo, ta tsaya a kan kututturen, ko mayafi ba ta cire ba. Sai a fuskarta na gane abin da na yi. A ranta, muddin lallen yana tsaye yadda Baba ya bar shi, Baba yana hanya.

Ba ta yi min faɗa ba, da ta yi ma ya fi min sauƙi. Kullum da safe ta tafasa ruwa ta yi min wanka, ta dama min kunun kanwa, amma ba ta ce min uffan. Ni kuma in ruwan ya huce, in lallaɓa in zuba a gindin kututturen. Kwana goma sha biyar babu alamar rai, tsoro ya cika ni. Sai bayan ruwan fari na ga 'yan tofo jajaye sun leƙo.

Damina ta yi nisa wani mutumin Achika da suka tafi tare da Baba ya yi sallama. Ya ce Baba ya sauke farali, amma ya rasu a hanyar dawowa, har sun shigo ƙasar Barno. Inna ta shiga takaba.

Ranar fitarta na zo. Mata suna shawarar a aika kasuwa sayen lalle, sai ta tashi ta zaga bayan ɗaki. Lallen ya kai ƙugu, ganye ya yi luf-luf. Da hannunta ta tsige, ta daka, ta kwaɓa, sannan ta zauna a tabarma ta miƙo ƙafafunta wajena.

"Ke, zo ki ƙunsa min," in ji ta. "Da kin ji maganata, da yau lallen wani zan sa."

Ina ƙunsawa ina kuka, ita kuwa tana ta shafa kaina.

Tun daga ranar na san cewa ba a riƙe abin da mutum ya bari ta hanyar hana taɓa shi. Sai dai a ci gaba da yi masa abin da mai shi yake yi masa.