Mai Zogalen Jiratawa

Shekarar da ɗiyata ta fari ta shiga kwaleji, aka turo musu wani mushe, wato malami, mai koyar da lissafi. Ranar Laraba da yamma, da ba a lakwal, wato makaranta, yakan tara masu so a gindin iccen bedi, ba alli ba allo, sai tambaya. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koyi haɗa baƙi, don haka in ta dawo nakan ce ta maimaita mini ina tsintar shinkafa.

"Inna, duk ɗan kabu-kabu yana da moto. Baffa yana da moto. To Baffa ɗan kabu-kabu ne?"

Na kusa cewa e, sai na tuna Baffanta tela ne. Muka yi ta dariya. Ta ce haka mushen yake yi musu, ba ya cewa ka yi kuskure, sai ya ce, "Ta ina ka sani?" ya harɗe hannu yana jira.

Akwai wata mata da ke kawo mana zogale daga Jiratawa kowace safiya. Mijinta ya rasu, da tallan nan take riƙon ƴaƴanta, kuma a layinmu na Sabon Gari in gida ɗaya ya rufe maka ƙofa, sauran ma sun rufe. Da damina autana ya yi zazzaɓi har sau biyu, duka biyun kuwa ta ɗauke shi ta yi masa wasa da safe. Surukata, da muke zaune tare, ta ce matar nan ba hakanan ta bar shi ba, kada ta sake tako mana gida.

Raina bai yarda ba, amma suruka ba a ja da ita. Jika kuwa tana da wasan da ni ba ni da shi. Ɗiyata ta ja tabarma ta zauna gabanta, tana matsa mata ƙafa.

"Tsohuwa, tun yaushe matar nan ke shigowa?"

"Tun kina da majina."

"Kullum tana ɗaukar shi?"

"Kullum, uwar kinibibi."

"To sauran ranakun da ya kwana lafiya, wa ya ɗauke shi? Yaran gidan liman kuma, ba ta shiga can, ga su kwance su ma. Su kuma wa ya kama su?"

Kakar ta ce, "Wanga mushe naku ya lalata ki. Da bakinki kamar na reza, wa zai kwashe ki?"

"Ke ma an kwashe ki, Kaka, bare ni."

Ina bakin murhu ina jin su. Abin da ya burge ni, ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce kakarta ta yi ƙarya ba. Ta aje tambayar, ta ci gaba da matsa ƙafa. Na yi shekaru ina haƙuri da mutane, amma ban taɓa sanin ana iya haƙuri da tambaya a hannu ba. Mushen nan ban taɓa ganinsa ido da ido ba, har aka canza masa wurin aiki zuwa Tibiri, amma ina sa shi a addu'a.

Washegari matar ta yi sallama daga zaure, da alama maganar ta kai kunnenta, don ba ta shigo ba. Ni da ɗiyata muka dubi tsohuwa. Ta daɗe tana jan casbi.

Can ta ɗaga murya ta ce, "Ke, tsayuwar mi kike yi nan kamar baƙuwa? Shigo. Kuma na jiya duk tsohon ganye ne, yau ni zan zaɓa da hannuna."