Haddar Turancin Malam Badamasi

Shekarar da gwamnati ta taso daga Ikko zuwa sabon babban birni, mu ma aka kwaso mu. Maigidana direba ne a ma'aikata, damina ɗaya ya yi a Kubwa Allah ya karɓi abinsa. Na zauna ina toya waina a bakin ƙofa, a layin da rabin gidajensa ko labule babu.

Ɗakin da ke kallon nawa na Malam Badamasi ne, mai buga tafireta a ofishin marigayi. Matarsa Sa'adiya da 'ya'yansa suna Zariya, rabonsa da zama da su tun yana Ikko. Burinsa ya ci jarrabawar shiga jami'a a Zariya, ya karanta adabin Turanci, ya koma cikin iyalinsa. An gaya masa ba ta ciwuwa sai da manyan kalmomi.

Shi kuwa ɗan malamai ne, hadda ya sani. Sai ya samo katakon da kafintoci suka yar, ya goge shi, ya ɗauko ƙamus daga shafin farko. Bayan la'asar ya rubuta da alli, ya yi ta biyawa yana rangaji, in ya zauna masa ya share ya ƙara gaba.

Na ce, “Malam, wannan tilawar da wa za a yi musaffa?”

Ya ce, “Inna Zulai, da bango mana. Shi kaɗai ne ba ya yi mini dariya.”

Ranar jarrabawa ya dawo ko hularsa bai cire ba, ya zauna kan bencin masu sayen waina.

“Inna, na san kalmomin wallahi. Amma kalma ba ta zo mini sai na faro daga saman shafinta na biyo. Ina cikin biyowa aka ce a ajiye alƙalami.”

Na zuba masa waina, bai ci ba.

Ya daɗe bai taɓa katakon ba. Wata Asabar na gan shi da littafi mai hoton jirgin ruwa, na tambaye shi me ke ciki. Ni dai hira nake nema, don na kwana biyu ba wanda ya ce mini komai sai “zuba na kaza.” Ya karanta kaɗan, ya juya mini da Hausa. Wata mata ce ke jiran miji a bakin teku. Ya tsaya kan wata doguwar kalma, ya ce, “Ai na haddace ta. Ban san nan take zama ba.”

Na ce, “Me take nufi?”

Ya ce, “Kewar wanda aka san ba zai dawo ba.”

Na ce ya ci gaba.

Kullum bayan la'asar sai ya kawo littafi, ina wanke tanda yana karantawa. Katakon ya zama murfin tukunyata. Da shekara ta zagayo ya sake zama jarrabawar, ya ci.

Ranar tafiyarsa ya durƙusa ya ce in yafe masa. Na ce Allah ya sada shi da iyalinsa lafiya, ya gaishe mini da Sa'adiya. Littafin ƙarshe ba mu kai ƙarshensa ba, ya bar mini shi. Ban iya karantawa ba. Yanzu wani ne a ɗakin, da rediyonsa.