Abin da Na Saya a Shagon Kawu

Shekara biyu na yi ina tara kuɗin kwamfutar nan, daga aikin wuyan riga da nake yi a zauren wani tela a Jakara. Ba ta aiki nake so ba, ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Ta gem nake so, in zauna a ɗakina in buga ƙwallo da tseren mota ba tare da mai shago ya tsaya a kaina yana cewa lokacina ya ƙare ba. Na san abin da mutanen gidanmu ke cewa a kan ƙato kamar ni da wasan yara, ban kuma damu ba.

Sabuwa ta fi ƙarfina, sai dai in haɗa da kaina. Firosesa na hannu na saya, bod na hannu, wato allon da ake dasa sauran kayan a kai, ram guda biyu da ba ma kamfaninsu ɗaya ba, akwatin kuwa gwanjon wani ofis ne. Duk wannan ƙuntatawa saboda katin girafik na yi ta, wanda shi ke fitar da hoton gem, shi ya kuma cinye fiye da rabin abin da na tara. Sau uku ina komawa wajen mai shi, kuma sai da ya kunna mini shi na awa guda ina taɓawa ina jin zafinsa kafin na yarda.

Saura abu ɗaya, fawa, wato ɗan akwatin ƙarfen da ke raba wa sauran kayan wuta. A daidai nan Inna ta ji labari. Ƙaninta yana da shagon kayan kwamfuta a wajen Ƙofar Mazugal, wai har ya ji a bakin mutane ɗan yayarsa na bin shaguna yana kai wa bare kuɗi. Ta ce na kunyata ta. Ni kuma da wayona na banza na ce bari in bar wa Kawu cinikin fawa, tunda ita ce mai araha, kowa ya huta.

Daga ƙarƙashin kanta ya zaro ta, a leda, ba kwali. Ina ɗagawa na ji ta sakayau kamar gwangwanin madarar da aka shanye. Fawar kirki nauyi gare ta, na san haka sarai. Amma a wajenmu ba ka cewa ƙanin uwarka ya gwada maka kaya, daidai yake da ka kira shi macuci a gaban maƙwabtansa. Ban taya ba, ban gwada ba, abin da ya faɗa shi na miƙa.

Kwana tara kwamfutar ta yi a duniya. Ranar Asabar da hantsi ina tsakiyar wasa na ji tas, ɗakin ya cika da warin ƙonanniyar roba. Mai gyara ya ce fawar ta tafi da katin da bod gaba ɗaya, kuma shi ko kwamfutar buga takarda ba zai sa wa irinta ba. A hanyar gida na yi kuka, ba kuma na jin kunyar faɗa.

Da na gaya wa Inna, ta ce kada in kuskura maganar ta fita, ƙaddara ce. Yayyena suka ce Allah ne ya raba ni da shiririta. Kawu ya zo jaje har gida, ya ɗora laifin a kan wutar unguwarmu, ya ce zai sayi abin da ya tsira don ya rage mini asara. Inna ta yi ta sa masa albarka, ni na ɗaukar masa kayan zuwa bakin titi.

Bayan sati uku ta aike ni shagonsa da saƙo. Na tarar da akwatina a buɗe a kan tebur, ya sa wani bod, yana zare sabuwar fawa daga kwalinta. Na ajiye masa saƙon, na ce:

"Kawu, ashe akwai sabuwa."

Ko ɗagowa bai yi ba, yana ta ɗaure noti.

"Ai wannan baƙo ne zai saya," ya ce. "In ta lalace, dawowa zai yi."