Ƙanzon Gwaggo

Likitan bai yi mini kwana-kwana ba, shi ya sa na yarda da shi. Ya ce akwai duwatsu a matsarmamata, kuma aiki ne kawai zai raba ni da ciwon. Amma ba zai sa mini wuƙa ba sai na sauke kilo takwas, sugan jinina ma ya sauka. Ya rubuta ranar aikin a kati, ya ce ana saura kwana biyu zai ɗora ni a kan sikeli. Idan ban kai ba, wani zai ba gurbina, ni kuma in koma ƙarshen layi. Layin kuwa na wata huɗu ne.

Wanda bai taɓa yin ciwon nan ba, ba zai san nauyin wata huɗu ba. A ƙarƙashin haƙarƙarin dama yake kama ni, ya zagaya ta baya, ya riƙe numfashi. Sau biyu yana kayar da ni a gaban 'yan ajina, yara 'yan shekara shida suna kallon malamarsu tana murƙususu a kan siminti.

Lokacin ina Kano a gidan yayana, ina koyarwa a wata firamare ta kuɗi. Shekarata ashirin da huɗu. Ƙiba kuwa da ita na buɗe ido, gadonta na yi wajen kakata ta wajen uba, wadda aka sa mini sunanta.

Dokar likita ba ta da yawa, wuya ce da ita. Wani ɗan kwanon roba ya nuna mini, ya ce tuwo ko shinkafa kada su wuce cikinsa. Ganye ko nawa nake so. Ba mai, ba soye-soye, ba suga a shayi. Ƙwaya safe da yamma, tafiyar rabin awa kullum. Na bi, ina zagin kowa a zuci, har na sauke kilo shida a wata uku. Saura biyu kenan, ranar sikeli kuma saura sati uku da 'yan kwanaki, sai aka ba mu hutun makaranta, Inna ta kira ni daga Maiduguri.

"Auta, shekara biyu fa. Ko sai an ce miki na mutu za ki hau mota?"

Na ce ina zuwa. Na saka ɗan kwanona a jaka tare da ƙwayoyin da katin asibiti. A raina na ce sati uku ne, bakina ne, ba mai yi mini ɗura.

Tun asuba muka bar Kano, ba mu shiga gari ba sai bayan la'asar. Daga Damaturu na daina ƙirga shingaye. A sauko, a ɗaga hannu, a taka a ƙafa a wuce, a koma mota. Gyaɗa ce da kokwamba a jakata, su na ci, ina jin kaina jaruma.

Gidanmu na Mafoni ɗaki huɗu ne. Da na bar shi mutum biyar ne a ciki. Na tarar da sun haura ashirin, dangin Baba ne da suka gudo daga ƙauyuka, har a zaure an rataya zani an yi ɗaki. A cikinsu akwai Gwaggo, ƙanwar marigayi Baba, wadda ta yi aure can gabas tun ba a haife ni ba. Ban gane ta ba. Gwaggon da na sani idan ta zauna a tabarma babu sauran wurin wani. Wannan kuwa fata ce a rataye a jikin ƙashi, zoben azurfarta ma da zare ta ɗaure shi a yatsa don kada ya zame.

Ita ta gane ni. Da yake sunan mahaifiyarta gare ni, ba ta taɓa kirana da komai ba sai uwata. Ta kama damtsena tana matsawa kamar mai tayin rago.

"Wushe, uwata, sannu da hanya. Wa ya tsotse ki haka? Ba sa ba ki abinci a Kanon?"

"Likita ne ya ce in rage."

"Ki rage me?"

"Jiki."

"Shi ya ba ki?"

Matan gidan suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na fito da katin ina bayanin duwatsu da ranar aiki, Inna ta yi mini ido, wato in bari sai an huta.

Tafiyar ƙafa ce ta fara mutuwa. Washegari da safe na zura hijabina har ƙasa na kama hanya da sauri, yadda likita ya ce, ba tafiyar amarya ba. Ban kai bakin titi ba na ji an ce, "Ke, tsaya nan. Kada ki matso." Samarin unguwa ne masu gadi da gora, sun ja da baya sun bar fili tsakanina da su. Mai ƙosan bakin layi ta bar kaskonta a wuta ta shige wani gida. Shekarun da ake ɗaura wa 'yan mata bam a ciki a turo su cikin jama'a ne, ni kuma ga ni da faɗi, ga hijabi, ga sauri, ba kwando ba yaro.

"Ɗaga hijabin. A hankali."

Na ɗaga har wuya a tsakiyar layin da aka haife ni. Na ce, "Teɓa ce. Ta gado ce. Ku ƙare mata kallo." Babu wanda ya yi dariya. Wani ya ce in yi haƙuri, in kuma daina sauri. Da labari ya riga ni isa gida, Inna ta ce idan na sake fita ba da aike ba, ba ta yafe ba. Na gwada zagaya tsakar gida, amma taku uku sai ka tsallake yaro ko tukunya. Na bari. Saura baki kenan.

A unguwarmu idan baƙo ya sauka, kowane gida sai ya aiko da kwano. Na ɗauka halin da ake ciki ya kashe wannan al'ada. Bai kashe ba. Mutanen da su kansu sau ɗaya suke ɗora tukunya, sai ga burabusko yana ninƙaya a man shanu, ga sinasir, ga kunun gyaɗa da suga kamar za a yi alewa. Gwaggo ta naɗa kanta mai kula da cikina. Ta ɗauki ɗan kwanona ta juya shi, ta ce wannan ai na ba kaza ruwa ne, ta kife shi a kan taga.

Na ce a raba wa yaran gidan. Ta ce abincin baƙuwa ne, kuma duk uwar da ta bar ɗanta ya sa hannu ba ta da kunya. Na miƙa wa wata mai goyo a ɓoye, matar ta dawo da shi, ta ce ba za ta iya da bakin Gwaggo ba. Na kai ƙara wajen Inna. Inna ta ce, "Ƙanwar ubanki ce, kuma kin ga yadda ta zo. Ni ba zan iya ce mata komai ba."

A rana ta uku haƙurina ya ƙare, na ce, "Gwaggo, abincin nan kashe ni zai yi."

Ba ta cika maganar gudunsu ba, ranar ce kawai ta yi mini.

"Kwana biyar muka yi a ƙafa. Ganye muka ci, da abin da ba zan faɗa miki ba. Kin san waɗanda suka iso? Masu jiki. Sirara a gindin bishiya muka bar su ɗaya bayan ɗaya. Ni da kike gani na fi ki cika. Jikina na ci a hanya har ya kawo ni ƙofar gidan nan. Likitanki ya taɓa gudu?"



Sai na yi dabarar da har yau nake jin kunyarta. Na ce ni ba na iya cin abinci ana kallona, a bar ni in ci a ɗaki. Ina shiga sai in auna daidai ɗan kwanona da ido in ci, sauran in ƙulle a leda, in tura ƙarƙashin toka a bokitin shara. In fito da kwano fes, Gwaggo ta sa mini albarka. Kwana huɗu ina haka. Ciwon ya lafa, zanina ya ƙara saki. Har na fara jin daɗin wayona.

Abin da ban sani ba, Gwaggo ba ta barin a zubar da toka sai ta tankaɗe ta, tana tsince gawayin da bai gama ci ba.

A rana ta biyar na fito da hantsi na ga tabarma shimfiɗe a tsakiyar gida, a inda rana ta fi zafi. A kanta ga burabuskona, an ɗauraye shi an baza. Ga shinkafar shekaranjiya. Ga sinasir an yayyaga ƙanana. Ledojin ma an wanke su an shanya a igiya, guda tara, na ƙirga. Gwaggo na zaune a gefe da ɗan kara tana korar ƙuda. Matan gidan kowa ta sunkuyar da kai a kan aikinta.

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu abin faɗa. Cewa kawai ta yi, ba tare da ta dube ni ba, "Matsa, kin tare masa rana."

Daga baya Inna ta gaya mini tun da Gwaggo ta zo take haka. Duk ƙanzon tukunya, duk loma da ta ragu, sai ta shanya ta bushe ƙarau, ta zuba a wani ƙullin zani da take matashi da shi. Guzurin gudu na gaba ne. Ta ce ba za a sake tashinta da hannu biyu ba.

Daga ranar na ci. Ba wanda ya tilasta mini. Na zauna a tsakar gida a gaban kowa na cinye duk abin da aka ajiye, da man, da sugan, har in suɗe kwano. Ina ci ina jin ranar aikin tana zamewa, ina kuma ci. Sati guda cur. Gwaggo ta koma kirana uwata, amma daga nesa.

Ranar da wata maƙwabciya ta aiko da nama mai kitse, bayan azahar ciwon ya zo. Bai taɓa yi mini irin na ranar ba. Na yi amai har ya koma kore, na ciji bakin tabarma. Babu maganar asibiti da sauri, sai da aka nemo keke mai ƙafa uku, aka bi shingaye, aka yi mini allura aka dawo da ni kafin dokar hana fita. Duk tsawon hanyar kaina yana kan cinyar Gwaggo, ƙashinta yana sukar kunnena.

Da safe ta shigo da ɗan kwanon nan nawa a hannu, ta wanke shi.

"Ni dai ban yarda da likitanki ba," in ji ta. "Amma na ga abin da na gani. Ki auna naki. Sauran ki ba ni a hannuna tun ba a zuba miya ba. A hannuna, uwata, ba a toka ba."

Haka muka yi kwana shida da suka rage. In cika ɗan kwanona, in miƙa mata ragowar, ta baza a tabarma. Kwanon maƙwabta ya koma fes, ba wanda aka ci wa fuska. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sauƙinsa. Da tun ranar farko na tsaya na dubi abin da matar nan take yi da rana a tsakar gida, maimakon in yi ta karanta mata kati, da ba a kai nan ba.

Ranar komawata ta kwance ƙullinta ta raba biyu, ta cusa mini rabi a jaka. Na ce ba na buƙata, Kano zan je. Ta ce, "Kowa ma da inda ya ce zai je."

Likita ya ɗora ni a kan sikeli ranar da ya ce. Kilo biyun da suka rage suna nan, har ɗaya na ƙaro a kai. Ya dubi allurar sikelin, ya dubi sakamakon jinin, ya ce, "Hutu kika je ko gidan biki?" Ya ja layi a kan ranar, ya rubuta wata. Ban roƙe shi ba. Ya faɗa tun farko.

Wata huɗun nan sau biyar ciwon yana kayar da ni, ɗaya a bakin titi. Makarantar ta ce in zauna a gida sai na warke, da na warke kuma na tarar an ɗauki wata. An yi aikin a ƙarshen damina. Duwatsun da aka ciro aka nuna mini a ɗan kwalba, ba su fi ƙwayar gero manya-manya ba.

Da na farfaɗo na kira Inna, na ce ta ba Gwaggo waya in gaya mata. Inna ta ce Gwaggo ta tafi tun saukar ruwan farko. An ce musu hanyar ƙauyensu ta buɗe, ta ce ba za ta zauna shuka ta wuce ta ba. Ta ɗauki rabin ƙullinta ta bi wata motar itace. Can babu layin waya.

Ɗaya rabin yana nan a ƙasan akwatina. Ƙanzo ba ya lalacewa idan ya bushe da kyau. Ba ya cikin abin da likita ya yarda in ci da yawa, kuma ba ni da hannun da zai kai shi shara.