Zuwa Yamai Neman Idon Dare

Litinin: daga gida zuwa Gaya

Na fito ƙarfe huɗu da rabi na asuba. Maigida bai dawo daga gonar shinkafa ba tukuna, don haka sallamar da muka yi bayan isha'i ita ce sallama. Na dama masa fura, na rufe ƙwaryar da faifai, na ajiye daidai inda hannunsa ya saba lalubawa.

Ku matan ajinmu na yaƙi da jahilci kun san dalilin tafiyar, amma Malama ta ce in rubuta har don waɗanda ba su sani ba. Shekara uku ke nan dundumi ya kama maigida. Da rana yana tsintar allura a ƙasa, rana na faɗuwa sai duniya ta rufe masa. Gonarmu kuwa bakin kogi take, inda dorina ke fitowa kiwo, kuma shi ke gadi, da wuta da gwangwani da sanda. Bara sai da ya ji hucin numfashinta a fuskarsa kafin ya san tana gabansa. Allah ne ya juyar da ita. Na roƙe shi ya bar gadin nan, ya ce, "Gonar da ubana ya kwana a ciki, ba zan bar wa dabba ita ba."

Babban ɗana da ke aiki a Kotonu ya ji labari, sai ya aika wa ƙanwarsa Ramatu kuɗi a Yamai, ya ce akwai na'urar da ke gani cikin duhu. Ramatu ta kira ni ta ce, "Inna, zo ki zaɓa da kanki. Ke kika san idon Baba." Tun ranar Alhamis na karɓi takarda mai hatimi a ofishin magajin gari, wadda ta ce manoma ne mu, kuma dorina muke tsaro. An gargaɗe ni cewa irin wannan kaya ba a yawo da shi hannu banza a zamanin nan.

Kabu-kabu ya kai ni tashar Gaya cikin rabin awa. Motar Yamai ta tashi shida saura kwata.

Gaya zuwa Dosso zuwa Yamai

Daga Gaya zuwa Dosso wajen kilomita ɗari da hamsin ne. An sauke mu sau biyu a shinge, muka nuna katin ɗan ƙasa, muka koma. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin atamfa, bakinta ba ya hutawa. Da ta ji abin da zan saya, ta tafa hannu.

"Tabarau na dare! To ki sayo biyu, in ga inda nawa mijin ke zuwa bayan isha'i."

Muka yi dariya har direba ya waiwayo. A Dosso, ƙarfe tara da rabi, na sayi dambu da zogale, Hajiya ta ƙara mini kifi daga nata. Bayan Birnin Gaure, wajen Kure, na ga raƙumin dawa guda uku suna cin ganye kamar ba ruwansu da kowa. Muka shiga Yamai ƙarfe ɗaya. Ramatu na jira a tasha, ta karɓi rake da rogon da na kawo mata, ta ce na rame. Ita ma ta rame, amma ban faɗa ba.

Talata: a kanti

Kantin yana bayan babbar kasuwa, ana sayar da fitilu da farantan hasken rana. Mai kantin dattijo ne, Ramatu na ce masa Kawu. Sai da ya karanta takardata har ƙasa kafin ya buɗe akwati. Ya fito da na'ura biyu, kowace ba ta fi kwalbar lemo ba, ya shigar da mu ɗakin ajiyar kaya ya ja ƙofa.

"Wannan ta farko, Inna, maroƙiya ce. Ɗan hasken wata da na taurari take tarawa, ta ninka shi, ta nuna miki."

Na sa ido. Komai ya zama kore kamar ruwan tafki, amma ga fuskar Ramatu, har ɗan kunnenta. Hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa kawai ya ishe ta. Da Kawu ya toshe wurin da buhu, sai ta makance, har ya kunna wata ƴar fitila a jikinta wadda idon mutum ba ya ganin haskenta. Ya ce fitilar ba ta kai nesa ba.

"Ta biyu kuwa ba ruwanta da haske. Zafi take gani. Duk mai rai yana fitar da ɗumi, kamar tukunyar da aka sauke. Mai ɗumi ya fito fari, mai sanyi baƙi."

Na duba. Ramatu ta zama farar inuwa, ba ido ba hanci sosai, sai dai na san tsayuwarta. Can bayan kwali kuma ga wani farin ɗigo yana gudu.

"Kawu, kana da ɓera."

"Inna, na'ura kika zo saye ko tonon asirina?"

Muka fito haske. Na buɗe littafina na aji, na yi masa tambayoyin da na rubuto daga gida. In babu wata fa? Ya ce ta zafi. In hayaƙin wutar gadi ya tashi, ko hazon kogi na asuba? Ya ce ta zafi ta fi haƙuri da su, ita koriyar kuwa harshen wuta na kashe mata ido. Cikin ciyawa? In ba ta yi duhu ƙwarai ba, ɗumin na leƙowa. Cikin ruwa? Ya girgiza kai.

"Nan kam gaskiya zan faɗa miki. Dorinar da ta nutse, ba wadda za ta gan ta. Ba ta huda ruwa, ba ta huda bango. Kuma ba za ta gaya masa ko wane ne ke tafe ba, mutum dai kawai."

Na ce maigida ba fuska yake nema ba. Abin da nake so shi ne ya ga babban abu tun yana nesa. Sai na roƙa a ƙara hasken ɗan allon da ke ciki har ƙarshe, na runtse ido rabi kamar yadda yake yi da magariba, na ga farin yana fitowa. Ta zafi ta fi tsada, kuma wadda kuɗinmu ya isa ba ta hangen nesa kamar manya, amma Kawu ya ce za ta nuna dabba kamar dorina daga wannan bakin gona zuwa wancan. Ana yi mata caji da igiyar salula. Muka saya. Ramatu ta sa na yi alkawarin kawo Baba wurin likitan ido bayan an yanke shinkafa, ta ce na'ura ba magani ba ce.

Laraba: hanyar gida

Motar ta bar Yamai ƙarfe biyar, gari bai waye ba. Da muka fita daji sai zuciyata ta ce in gwada. Na zaro na'urar daga cikin zane, na kunna, na kara a gilashin taga.

Ba daji, ba bishiya, ba komai. Sai wata farar fuska tana kallona. Na goge gilashin da mayafi, na sake. Haka dai. Na kashe, na kunna. Haka dai.

Ban yi kuka da sauti ba. Na tuna gumin ɗana a Kotonu, na tuna maigida yana can cikin duhu a daidai wannan lokaci, ni kuma ina kawo masa mataccen abu.

A shingen kafin Dosso jandarma ya buɗe jakata, ya ɗaga na'urar, fuskarsa ta canza. Na miƙa masa takarda. Ya karanta, ya dube ni.

"Mama, dorina?"

"Dorina, ɗana. Amma ko ka riƙe ta ma ba asara. Ta mutu tun a hanya."

"Ina kika gwada ta?"

"A taga."

"Tagar a rufe?"

"Sanyi ake."

Ya yi dariya a hankali, ba irin ta raini ba. Ya ce gilashi a wurin wannan na'ura bango ne, zafi ba ya ratsa shi, sai ma ya maido miki da naki kamar madubi. Wato kaina nake kallo tun daga Yamai. Ya kunna, ya juya ni wajen wasu awaki da ke ƙarƙashin inuwar rumfa. Ga su nan farare tas, har da ɗan da ke tsotso.

"Mama, ki gai da Baba. Ki ce ya tsaya nesa."

Na yi masa addu'a har direba ya danna oda.

Gida

Mun iso Gaya ƙarfe goma sha biyu da rabi. Na tsaya kasuwa na sayi goro, na isa gida bayan la'asar. Maigida ya juya na'urar a hannu, ya ce yara sun ɓarnatar da kuɗi, shi kunnensa ya ishe shi. Ban ja da shi ba. Na zuba masa tuwo.

Da magariba ta rufe, ina wajen rumbu, sai na ji shiru ya yi yawa. Na waiwaya. Yana zaune kan tabarma da ita a idonsa, ya saita ni.

"Ga ki nan," ya ce. "Kin riƙe ƙugu."

Na sauke hannun.

"Kin sauke."

Ya daɗe bai ɗauke ta daga kaina ba. Daga baya ya tashi, ya rataya ta a wuya, ya ɗauki gwangwaninsa.

Ban yi barci ba. Da asuba na ji takunsa, daidai, ba lalube. Ya zauna ya sha fura kafin ya yi magana. Ya ce dorina biyu ya gani, uwa da ɗanta, suna tsaye a kan ƴar hanyar nan da yake bi kullum zuwa bukkar gadi. Daga kan tudu ya hange su. Nan ya tsaya ya buga gwangwani har suka koma ruwa.

"Sun ci shinkafa?" na tambaya.

"Sun ci kaɗan."

"Su ci."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa yarana, da Kawu mai kanti, da jandarman da ban san sunansa ba, da Malama da ta koya mini riƙe alƙalami har na iya rubuta tambayoyina.