Agogon da ke Sauraron Jamus

Tit, tit, tit, tiiit. Da wannan ɗan kukan rediyon Baba yake sanar da cikar ƙarfe shida na safe a gidanmu na unguwar Bani Malik a Jidda, ƙamshin shayi mai na'ana'a yana tasowa daga kicin. Kullum sai Baba ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, ya ga shida da minti goma, ya girgiza kai don tausayin mutanen gidan rediyo. Sun sake makara.

Baba direba ne, 'ya'yan kafilinsa, ubangidansa ke nan, yake kaiwa makaranta, kuma iƙamarmu duka, wato izinin zamanmu a ƙasar, a hannun mutumin take. Shi kuwa Baba ba ya gaggawar shan shayi. Har kafili ya gaya masa makara ɗaya ta rage, daga ita halas, wato aiki ya ƙare. A makon ne ya shigo da agogon daga kasuwar gwanjo, rungume a ƙirji. Mai sayarwa ya ce masa wannan ba a saita shi da hannu, daga Jamus ake aiko masa da lokaci ta iska, yadda ake aiko labarai.

Shekarata tara. Nakan zauna a ƙarƙashinsa ina hango lokaci yana tahowa kamar farin tsuntsu, ya ƙetare teku, ya ratsa igiyoyin shanyar maƙwabta, ya shigo ta tagarmu a gajiye.

An hana kowa taɓa shi. Mama kaɗai aka yarje wa ta goge masa ƙura ranar Juma'a in Baba ya tafi masallaci. A ganin Baba, ladanin unguwa ma minti goma yake makara, wayarsa kuwa da hannu ya gyara ta don ta bi agogon. Kawu, ƙanen Mama, yakan tsokane shi: "Yaya, wato duk Jidda ta makara, kai kaɗai ne daidai?" Sai Baba ya amsa masa cewa Jamusawa ba sa wasa da lokaci.

Wata rana Mama ta tafi Madina jinyar yayarta. Kwana biyu da tafiyarta batirin ya mutu. Baba ya sa sabo, hannuwan agogon suka zagaya da kansu, suka tsaya cik a kan sha biyu. Ya ce mu yi shiru, sauraro yake yi. Ya ɗora shi a taga, fuskarsa arewa. Agogo ya wuni yana sauraro, ya kwana yana sauraro.

Dole Baba ya koma bin rediyon da yake raina wa. Ranar farko ya tarar da yara tsaye a ƙofa da jakunkunansu. Rana ta biyu kafilin ne da kansa a tsaye, yana duban agogon hannunsa. Da rana Baba ya dawo ya ture kwanon shinkafa gefe. Na kira Mama ina kuka, na gaya mata Jamus ta daina yi mana magana.

Kafin magariba ta iso, ko abayarta ba ta cire ba. Ta ce ƙura ce ta toshe masa kunne, ta ɗauke shi da tsumma ta shige kicin. Da ta fito yana tafiya.

"Malam, ga shi nan, ya ji," ta ce.

Washegari rediyo ya yi kukansa, agogo ya nuna shida da minti goma, Baba ya yi hamdala da Jamus ta tuna da mu. Bai ƙara makara ba har ya ajiye tuƙi.

Sai da na shiga jami'a, ranar da muke kwashe kaya zuwa unguwar Madain Fahd, na juya bayan agogon na ga wani ɗan maɓalli da rubutunsa ya goge saboda yawan dannawa. Na bincika a waya. Saƙon da Jamus ke aika wa irin wannan agogon a hanya yake ƙarewa, bai taɓa isowa Jidda ba. Ashe tun farko yatsan Mama ne ke tura shi gaba da minti goma.